Ƙarya a Takardar Neman Aikin Gwamnati: Tarihin Yadda Amurka Take Tantance Masu Riƙe Sirrinta

Duk wanda ya taɓa neman aikin gwamnati ya san layin nan da yake can ƙasan fom, inda ake cewa mai nema ya sa hannu a kan cewa duk abin da ya rubuta gaskiya ne iyakar saninsa. Da yawanmu mukan rattaba hannu ba mu tsaya mun karanta shi ba, saboda mun ɗauke shi a matsayin al'adar ofis kawai. A Amurka wannan layi yana da tarihin da ya haura shekara 160, kuma ya yi sanadin faɗuwar minista, da shugaban 'yan sanda, da masanin kimiyyar da ya jagoranci ƙera bam ɗin nukiliya na farko a duniya. Tarihinmu na yau shi ne yadda ƙarya a takardar neman aiki ta zama babban laifi a waccan ƙasa, da yadda ta zama ɗaya daga cikin manyan dalilan da ke hana mutum samun izinin sanin sirrin gwamnati.

Asalin dokar

Tushen al'amarin yana cikin yaƙin basasar Amurka, wanda aka yi daga 1861 zuwa 1865. 'Yan kwangilar da ke kai wa sojojin tarayya kaya sun yi ta cutar gwamnati: a kawo alfadarai da dawakai marasa lafiya, a kawo bindigogin da ba sa tashi, a kawo ruɓaɓɓen abinci, sannan a rubuta takardar neman biya kamar an kawo na ƙwarai. A watan Maris na 1863 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a kan dokar da ke hukunta mai gabatar wa gwamnati takardar neman kuɗi ta ƙarya. A wancan lokaci damuwar doka ita ce dukiyar baitulmali. Ko da aka faɗaɗa ta a 1918, sharaɗin ya kasance sai an nuna cewa maƙaryacin yana nufin damfarar gwamnati kuɗi ko kadara.

Sauyi babba ya zo a 1934. Gwamnati ta ƙayyade yawan man fetur da kowane kamfani zai haƙo, sai kamfanoni suka riƙa wuce ƙa'ida suna aika rahoton ƙarya. Ba a taɓa ko sisin gwamnati ba, don haka tsohuwar doka ba ta kama su. Sakataren harkokin cikin gida, Harold Ickes, ya nemi majalisa ta cire sharaɗin asarar kuɗi, kuma ta cire. Daga nan ƙarya ita kanta ta zama laifi, muddin an yi ta da gangan a kan wani muhimmin abu da ke ƙarƙashin ikon wata hukumar tarayya. A 1948 aka tsara dokokin laifuka na tarayya, wannan doka ta sami mazauninta a sashe na 1001 na kundi na 18, inda take har yau. Hukuncinta yakan kai ɗaurin shekara 5, ko shekara 8 idan batun ya shafi ta'addanci. Ba ta buƙatar mutum ya yi rantsuwa kafin ta hau kansa, kuma ɓoye abin da aka tambaya da gangan ɗaya yake da faɗin ƙarya a wurinta.

Daga tambayar cancanta zuwa tambayar biyayya

Shi kansa fom ɗin neman aiki yana da nasa tarihin. A mafi yawan ƙarni na 19 muƙaman gwamnatin Amurka ganimar siyasa ne, jam'iyyar da ta ci zaɓe ita ke raba wa magoya bayanta. A 1881 wani mutum mai suna Charles Guiteau, wanda ya yi ta neman a ba shi muƙami bai samu ba, ya harbi Shugaba James Garfield, kuma raunin ya zama ajalinsa. Wannan kisa ya sa majalisa ta kafa dokar Pendleton a 1883, wadda ta samar da hukumar ɗaukar ma'aikata, ta kuma kawo jarrabawa da takardun nema. Abin da ake tambaya a lokacin shi ne ilimin mutum da halinsa.

Da guguwar aƙidun kwaminisanci da na Nazi ta taso a Turai, sai tambaya ta sauya. Dokar Hatch ta 1939 ta haramta wa ma'aikacin tarayya zama ɗan ƙungiyar da ke kiran a kifar da tsarin mulkin ƙasa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da Yaƙin Cacar Baka ya kankama, Shugaba Harry Truman ya fitar da umarni mai lamba 9835 a ranar 21 ga Maris, 1947, wanda ya wajabta binciken biyayyar ma'aikatan tarayya, su kusan miliyan 2. Aka kafa kwamitocin biyayya a ma'aikatu, babban lauyan gwamnati kuma ya fitar da jerin ƙungiyoyin da ake zargi.

Nan ne dokar 1934 ta sami sabon aiki. Zama ɗan jam'iyyar kwaminis a karan kansa ba laifi ba ne da za a ɗaure mutum a kai a shekarun 1940, amma musanta hakan a gaban hukuma laifi ne. Carl Marzani, haifaffen birnin Rum da ya yi aiki da hukumar leƙen asirin Amurka a lokacin yaƙi sannan ya koma ma'aikatar harkokin waje, yana cikin na farko da wannan tarko ya kama. A 1947 kotu ta same shi da laifin ɓoye cewa ya taɓa zama ɗan jam'iyyar. Da ƙararsa ta kai Kotun Ƙoli, alƙalai suka rabu huɗu da huɗu, hukuncin ya tabbata, ya yi wata 32 a kurkuku. Shi ma Alger Hiss, babban jami'in ma'aikatar harkokin waje da aka zarga da miƙa wa Tarayyar Sobiyet takardu, ba a iya gurfanar da shi a kan leƙen asiri ba saboda wa'adin shigar da ƙara ya wuce. A kan rantsuwar ƙarya aka kama shi a watan Janairun 1950, ya yi wata 44 a gidan yari. Masu gabatar da ƙara sun gane cewa tabbatar da ƙarya ya fi tabbatar da cin amanar ƙasa sauƙi ƙwarai.

A ranar 27 ga Afrilu, 1953, Shugaba Dwight Eisenhower ya maye gurbin tsarin Truman da umarni mai lamba 10450. A ƙarƙashinsa ba sai an nuna mutum maci amana ne ba kafin a sallame shi. Ya isa a ce ci gaba da riƙe shi bai dace da tsaron ƙasa ƙarara ba. Umarnin ya lissafa abubuwan da za a bincika: shaye-shaye, miyagun ƙwayoyi, aikata laifi, duk wata ɗabi'a da za a iya yi wa mutum barazanar tona asiri da ita, sannan a fili ya ambaci yin ƙarya ko ɓoye muhimmin bayani da gangan. Dubban ma'aikata sun rasa aikinsu a waɗannan shekaru, da yawansu ba su taɓa ganin fuskar wanda ya kai ƙararsu ba.

Ƙaryar da ta jira shekara goma sha ɗaya

Babu labarin da ya fi na Robert Oppenheimer nuna yadda wannan tsari yake aiki. Lokacin da aka ɗauke shi ya shugabanci cibiyar Los Alamos, inda aka ƙera bam ɗin nukiliya, hukumomi sun san cewa ƙanensa da matarsa sun taɓa zama 'yan jam'iyyar kwaminis, sun kuma san shi kansa ya yi hulɗa da ƙungiyoyi masu ra'ayin gurguzu. Jami'an tsaro sun yi ɗari-ɗari da shi, amma Janar Leslie Groves, shugaban aikin gaba ɗaya, ya ba da umarni a watan Yulin 1943 a ba shi izinin sanin sirri, saboda ya ga aikin ba zai yiwu ba sai da shi.

Kafin wannan da 'yan watanni, abokinsa Haakon Chevalier, malamin adabin Faransanci a jami'ar Berkeley, ya shaida masa a gidansa cewa wani injiniya ɗan Ingila, George Eltenton, yana da hanyar isar da bayanan kimiyya ga Sobiyet. Oppenheimer ya ƙi amincewa nan take, sai dai bai kai rahoto da wuri ba. A watan Agustan 1943 ya tayar da maganar da kansa a gaban jami'in tsaro Boris Pash. Domin ya kare abokinsa sai ya ƙi faɗin sunansa, ya kuma ƙirƙiro cewa mutum uku aka tuntuɓa. Bai san ana naɗar muryarsa ba. A watan Disamba na shekarar Groves ya tilasta masa, ya ambaci sunan Chevalier.

Yaƙi ya ƙare, Oppenheimer ya zama gwarzon ƙasa. A 1947 hukumar makamashin nukiliya ta duba fayil ɗinsa, da labarin Chevalier a ciki, ta sabunta masa izini. Amma daga baya ya nuna adawa da gaggauta ƙera bam ɗin haidurojin, ya kuma ɓata da Lewis Strauss, wanda ya zama shugaban hukumar a 1953. Sai aka zaro tsohon fayil. A zaman sauraro da aka yi daga 12 ga Afrilu zuwa 6 ga Mayu, 1954, lauyan hukuma Roger Robb ya ritsa shi da abin da aka naɗa shekara goma sha ɗaya baya, har ya amsa da bakinsa cewa labarin da ya ba Pash ƙage ne, kuma wauta ce ta sa shi. Kwamitin mutum uku ya yarda cewa shi ɗan ƙasa ne mai biyayya, duk da haka biyu daga cikinsu suka ce kada a mayar masa da izini. A ranar 29 ga Yuni hukumar ta tabbatar da hakan da ƙuri'a huɗu da ɗaya, ana saura kwana ɗaya kwantiraginsa ya ƙare da kansa. Ya rasu a 1967. Sai a watan Disamban 2022 sakatariyar makamashi Jennifer Granholm ta soke hukuncin, ta ce an yi masa rashin adalci a yadda aka gudanar da zaman.

Abubuwan da Oppenheimer ya bayyana da kansa game da danginsa da abokansa ba su hana Groves amincewa da shi ba. Ƙaryar da ya yi domin abota ita ta zauna a fayil, har ranar da maƙiyansa suka buƙaci makami suka same ta a ajiye. Gaskiya ne siyasa ce ta kawo shari'ar, amma ƙaryar ce ta ba ta ƙafar tsayawa.

Abin da kotuna suka ce

A ƙarshen shekarun 1950 Kotun Ƙoli ta fara taka wa gwamnati birki. A shari'ar Greene ta 1959, ta wani injiniyan jiragen sama da aka ƙwace wa izini bisa maganar masu tsegumi da bai taɓa gani ba, kotu ta ce babu dokar da ta ba ma'aikatar tsaro ikon yin haka ba tare da ba shi damar fuskantar masu zarginsa ba. Wannan ya sa Eisenhower ya fitar da sabon umarni a 1960, wanda ya ba ma'aikatan kamfanonin da ke yi wa gwamnati aikin tsaro damar ganin dalilan da aka rubuta a kansu da kuma kare kansu.

Amma a kan ƙarya kotu ba ta sassauta ba. Hugh Bryson, shugaban wata ƙungiyar ƙwadago, ya sa hannu a takardar da ke cewa ba shi da alaƙa da jam'iyyar kwaminis, aka same shi da laifin ƙarya. Daga baya ya kafa hujja da cewa ita tambayar ma ta saɓa wa tsarin mulki. A 1969 kotu ta amsa masa cewa ɗan ƙasa yana da hanyoyi biyu idan gwamnati ta yi masa tambayar da yake ganin ba ta halatta ba: ya ƙi amsawa ya ƙalubalance ta a gaban shari'a, ko ya amsa da gaskiya. Hanyar ƙarya ba ta cikinsu. A 1998, a shari'ar Brogan, kotu ta ƙara da cewa ko "a'a" kaɗai mutum ya ce wa mai bincike alhali ya san "i" ce gaskiya, dokar ta hau kansa.

Hukuncin da ya fi kowane tasiri shi ne na Egan a 1988. Thomas Egan lebura ne a wurin gyaran jiragen yaƙi masu tafiya a ƙarƙashin teku a jihar Washington, aikin da ke buƙatar izinin sirri. Rundunar ruwa ta hana shi izini saboda tarihinsa na laifuka da shaye-shaye, da kuma cewa a fom ɗin neman aiki bai ambaci hukunci biyu da aka taɓa yanke masa na ɗaukar bindiga mai harsashi ba. Da izini ya faɗi, aiki ma ya faɗi. Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan uku, ta ce babu wanda yake da haƙƙin sai an ba shi izinin sanin sirri. Amana ce da ɓangaren zartarwa yake bayarwa bisa hasashen yadda mutum zai yi nan gaba, kuma idan za a yi kuskure gara a yi shi ta wajen hanawa. Tun daga nan da wuya kotu ta shiga tsakanin mutum da hukumar da ta hana shi izini.

Fom mai shafi fiye da 120

Tsarin da ake bi a yau ya ginu ne a kan umarni mai lamba 12968 da Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a watan Agustan 1995, bayan kama Aldrich Ames, jami'in CIA da ya shafe kusan shekara tara yana sayar wa Moscow sirri, yana kashe kuɗin da albashinsa ba zai iya bayarwa ba, ba wanda ya tsaya ya tambaye shi da gaske. Izinin hawa uku ne, daga na sirri mai sauƙi zuwa na sirri mafi tsanani, kuma mutum sama da miliyan 4 ne suke da cancantar riƙe ɗaya daga ciki. A bisa ƙa'ida ɗan ƙasa kaɗai ake ba, amma wanda ya sami zama ɗan ƙasa ta hanyar nema yana da damar nema kamar haifaffe.

Mai nema yakan cike fom mai suna SF-86, wanda ya haura shafi 120. Ana tambayarsa duk inda ya zauna da duk inda ya yi aiki cikin shekara 10, da sunayen iyaye da 'yan'uwa da surukai da ƙasar da kowannensu yake, da baƙin da yake da kusanci da su cikin shekara 7, da tafiye-tafiyensa, da bashin da ya gaza biya, da kamun 'yan sanda, da shan ƙwaya. Daga nan masu bincike su bi sawu, su duba rajistar kotuna da bankuna, su tambayi maƙwabta da tsofaffin abokan aiki, sannan su zauna da shi ido da ido. Wasu hukumomi sukan ƙara da na'urar gano ƙarya.

Masu yanke hukunci suna aiki da ma'auni 13, kuma an umarce su su dubi mutum gaba ɗayansa: yaushe abin ya faru, yana ɗan shekara nawa, ya maimaita ko ya daina. Saboda haka wanda ya sha wiwi yana ɗalibi, ko bashi ya taɓa yi masa katutu ya biya, ko aka taɓa kama shi a ƙuruciya, yana iya samun izini. Ma'aunin da ya shafi ɗabi'ar mutum shi ne ya tanadi batun ƙarya, kuma dalilan da suka sa take da nauyi a bayyane suke. Laifin ƙuruciya tsohon abu ne, ita kuwa ƙaryar da aka rubuta a fom sabon laifi ne da aka aikata jiya, a daidai lokacin da mutum yake neman a amince da shi. Sannan abin da mutum ya ɓoye wa gwamnatinsa ya zama igiya a hannun duk ɗan leƙen asirin da ya gano shi, domin zai iya cewa ko ka ba mu takarda ko mu tona. Abin da aka riga aka bayyana kuwa ba wanda zai yi barazana da shi. Bugu da ƙari, aikin sirri yana buƙatar mutumin da zai kai ƙarar kansa idan ya yi kuskure, kuma wanda ya fara da ɓoyewa ya nuna ba zai yi hakan ba. Ma'aunin ya bar ƙofa ɗaya: wanda ya gaggauta gyara bayaninsa da kansa, kafin a ritsa shi da hujja, ana iya yi masa sassauci. Mantuwa ta gaskiya ma ba a ɗaukarta daidai da ganganci.

Manya da ƙanana

Henry Cisneros, wanda Clinton ya naɗa sakataren gidaje a 1993, ya shaida wa FBI a lokacin tantancewa cewa yana ba wata tsohuwar farkarsa kuɗi, amma ya rage adadin. Ba da kuɗin bai saɓa wa doka ba, rage adadin ne ya jawo masa binciken da ya ci wa gwamnati sama da dala miliyan 20. A 1999 ya amsa ƙaramin laifi, aka ci shi tarar dala 10,000, Clinton kuma ya yi masa afuwa a watan Janairun 2001. Bernard Kerik, shugaban 'yan sandan New York a lokacin harin 11 ga Satumba, 2001, Shugaba George W. Bush ya zaɓe shi ya riƙe ma'aikatar tsaron cikin gida a watan Disamban 2004, ya janye cikin 'yan kwanaki. A 2009 ya amsa laifuka takwas, ciki har da yi wa jami'an fadar shugaban ƙasa ƙarya a lokacin tantancewa, aka ɗaure shi shekara 4, Shugaba Donald Trump ya yafe masa a 2020. Jared Kushner, surukin Trump, ya miƙa fom ɗinsa a watan Janairun 2017 ba tare da ambaton baƙin da ya yi hulɗa da su ba. Lauyoyinsa suka ce kuskure ne aka aika shi kafin a kammala, daga baya aka ƙara sunaye sama da 100. Ba a tuhume shi da laifi ba, kuma ya sami izini a 2018.

Idan aka jera waɗannan sunaye kusa da na Egan lebura, ba sai an yi dogon bayani ba. Doka ɗaya ce a rubuce, amma mai uwa a gindin murhu yana da lauyoyin da za su gyara masa fom, yana kuma da fatan afuwa. Ƙaramin ma'aikaci da wuya a kai shi kotu, sai dai izini ya suɓuce, aiki ya bi shi, kuma duk fom ɗin da zai cike nan gaba akwai tambayar ko an taɓa hana shi izini.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari

Su ma masu tantancewa ba su fita da hannu mai tsabta ba. A ranar 16 ga Satumba, 2013, Aaron Alexis ya kashe mutum 12 a wani sansanin sojan ruwa da ke birnin Washington. Yana riƙe da izinin sirri tun 2008, alhali a fom ɗinsa bai ambaci kamun da aka yi masa a Seattle a 2004 ba, lokacin da ya harbi tayoyin motar wani. Masu bincike sun gano kamun, amma rahotonsu bai nuna cewa da bindiga aka yi abin ba. Kamfanin USIS, wanda gwamnati ta ba kwangilar binciken, shi ne kuma ya binciki Edward Snowden. Ma'aikatar shari'a ta zarge shi da miƙa bincike kusan 665,000 a matsayin kammalallu alhali ba a gama duba su ba, kuma a 2015 aka sasanta bisa ya haƙura da dala miliyan 30 da yake bin gwamnati.

A wannan shekara ta 2015 aka bayyana cewa masu kutse sun shiga kwamfutocin ofishin kula da ma'aikatan tarayya, sun kwashe bayanan tantancewa na mutum miliyan 21.5, da hoton yatsun mutum miliyan 5.6. Jami'an Amurka sun ɗora alhakin a kan China, ita kuma gwamnatin China ta musanta. Shugabar ofishin, Katherine Archuleta, ta yi murabus. Mutanen da doka ta tilasta wa su faɗi sirrin rayuwarsu, sai ga sirrin ya faɗa hannun waɗanda aka ce ana gudun su yi musu barazana da shi. A 2019 aka mayar da aikin bincike ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, aka kuma koma ga sa ido a kai a kai maimakon jiran shekara 5 ko 10 kafin a sake dubawa.

Inda tarihin ya taɓa mu

Binciken amana ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu suka yi aiki da shi, ba a karɓar shaidar wanda alƙali bai san adalcinsa ba sai an yi masa tazkiya, wato a sami amintattu su tabbatar da halinsa, kuma wanda aka kama da shaidar zur ya zubar da mutuncinsa a gaban shari'a. Zamani ma ya kawo mana namu misalan. A 1999 Salisu Buhari ya sauka daga shugabancin majalisar wakilan Najeriya bayan da aka gano ya ƙara wa kansa shekaru, ya kuma yi iƙirarin digirin jami'ar Toronto da bai samu ba. A 2018 ministar kuɗi Kemi Adeosun ta yi murabus a kan takardar sahalewar hidimar ƙasa ta jabu, wadda ta ce ba ta san jabu ba ce. A 2021 wata babbar kotun tarayya ta yanke cewa tun farko hidimar ba ta wajaba a kanta ba, amma kujera ta riga ta tafi.

Ga Bahaushen da yake zaune a ƙasar da yake tsiraru, tambayar "ina aka haife ka?" da "ina iyayenka suka fito?" tana da nauyin da wasu ba su sani ba. Dattawan zango a Ghana suna tuna watan Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama kwana 14 su fice, aka ga iyalan da aka haifa a Kumasi da Accra suna hawa motoci zuwa ƙasashen da ba su taɓa gani ba. Wanda ya gaji irin wannan tsoro ba abin mamaki ba ne ya so ya ɓoye kakan da ya zo daga Kano ko Damagaram. Ga kuma matsalar ranar haihuwa da ba a rubuta ba, da sunan da aka rubuta iri uku a takardu uku. Yanzu 'ya'yanmu suna shiga soja da aikin gwamnati a Amurka, suna fuskantar wannan fom mai tambayar kowane ɗan'uwa da ƙasarsa. Ma'aunin bai ce samun dangi a waje yana hana izini kai tsaye ba. Ana duba wace ƙasa ce, wane irin kusanci ne, ko akwai hanyar da za a matsa wa mutum lamba ta kansu. Ɓoye su da gangan kuwa yana faɗawa ƙarƙashin wancan sashe na 1001. Ko a batun zama ɗan ƙasa, Kotun Ƙoli ta ce a shari'ar Maslenjak ta 2017 ba kowace ƙarya ce za ta sa a ƙwace takardar mutum ba, amma wadda ta taka rawa wajen samunta tana iya yin hakan.

Hausawa suka ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Duk mai ɗa ko ƙane da zai cike irin wannan takarda, a can ko a nan gida, ya ja masa kunne ya daidaita sunansa da shekarunsa ta hanyar hukuma tun kafin ya nemi aiki, ya rubuta danginsa yadda suke, in kuma ya tuna wani abu bayan ya miƙa fom ya koma ya gyara da kansa kafin a kira shi. Allah Ya tsare mana mutuncinmu, Ya ba 'ya'yanmu abinci na halal a duk inda suke.